Mudun Wa?

Sau biyu na zauna a teburin nan,
farfajiyar firamarenmu ta Kurna,
gindin darbejiyar da muke taron safe.
Ƙafarsa guda tana ɗingishi,
na tokare ta da murfin kwalba.

Zaman farko, daga Abuja kaya suka zo:
na'ura mai karanta yatsa da fuska,
da littafin ƙa'ida mai kaurin bulo.
Yadda za a yi a bakin teku,
haka za a yi a Kurnar Asabe.
Na ce madalla, yau an yi mana kuɗin goro.

Sai Iya Sabuwa ta miƙo babban yatsa.
Shekara arba'in tana tuyar ƙosai,
abin da wuta ta rage, lalle ya rufe.
Na'ura ta duba, ta sake dubawa.
Muka juya ga fuska, batir ya ce ga garinku.
Ni na san ta, ita ta yanke mini cibi.
Duk layin nan ya ci ƙosanta bashi.
Amma littafi bai ce a tambayi layi ba,
wanda ya rubuta shi a ɗaki mai sanyi
bai taɓa riƙe hannun mai tuya ba.

Zama na biyu, zaɓen gida ne,
na kansila da ciyaman, kayan jiha.
Babu na'ura, kowa ya san kowa.
Iya ta zo tun kafin a share tsakar makaranta,
ta shimfiɗa gefen mayafi ta zauna.
Azahar ta wuce. La'asar ta wuce.
Takardu suka iso a bayan adaidaita,
ba su kai rabin rajista ba.
Ina kan ƙirga ta sittin da uku
rediyon Mati mai shayi ta faɗi wanda ya ci.
Na dubi biron da ke hannuna,
ban ko cire masa murfi ba.

Da dare na kai wa Baba Ɗanjummai ƙara,
shi da ya tsufa yana awo a kasuwar Rimi.
Na ce, su can ba su san mu ba,
su nan kuma sun san mu fiye da kima.
Wa za a bai wa akwatin?

Ya daɗe yana murza gero a tafinsa.
Ya ce, an taɓa kawo mana mudu mai hatimi,
wai daga nan har ƙarshen ƙasa bakinsa ɗaya.
Mako uku, aka bubbuge masa gindi.
Hatimin yana nan, tsaba ce ta ragu.
Kafin shi kuma, kowace rumfa da kwanonta,
na saye daban, na sayarwa daban.
Idan mudu ɗaya ya lotse, ƙasa duka an ƙware ta.
Idan kowa da nasa, mai rumfa ne alƙali.
Ke dai duba hannun da ke shafe baki,
ki tsaya kusa, kada ki ƙifta.

Na ce, Baba, wannan ba amsa ba ce.
Ya ce, to ni ma'auni ne, ba ɗan majalisa ba.

Yanzu ana ta musu a rediyo,
wasu na cewa a haɗe, wasu na cewa a raba,
lauyoyi na jan tsarin mulki kamar kilishi.
Jiya sunana ya sake fitowa a jerin masu bita.
Na biya ta bakin kaskon Iya,
ta ƙara mini biyu gyara, ta ce,
'yar nan, wannan karon na su wa ne?
Na waɗanda ba su gane ni ba,
ko na waɗanda ba su jira ni ba?

Na leƙa aji shida, teburin yana nan.
Wani yaro ya ɗauke murfin kwalbar.